Jinyar Baba bayan shanyewar ɓarin jiki, da tsohuwar kalkuletarsa

Na rubuta wannan ne domin wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki zai faɗo wa gidansa bagatatan, Allah ya kiyaye. Mu da abin ya same mu a Kano cikin watan Fabrairun 2023, babu wanda ya zaunar da mu ya ce ga abin da za a fara, ga wanda zai biyo baya. Kowace ƙofa sai da muka tsaya a bakinta muka yi tambaya. Ni ba likita ba ne, malamin makaranta ne. Abin da zan faɗa shi ne abin da idona ya gani a jinyar mahaifinmu, da bayanin da likitoci da ma'aikatan gashi, wato masu koya wa majinyaci motsa gaɓoɓi, suka riƙa yi mana.

Baba ya dawo daga sallar asuba lafiya ƙalau, ya zauna shan shayi kamar kullum. Umma ta ce ƙarar faɗuwar kofi ta ji. Da na shigo na tarar bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki, yana ta ƙoƙarin magana amma abin da ke fitowa ba magana ba ce. Kafin ka ce kwabo tsakar gida ta cika. Wani ya ce iska ce ta shafe shi, wata ta aika a karɓo rubutu, wani ya ce a ɗura masa zuma, wani kuma ya zaro asfirin daga aljihu. Allah ya taimake mu da wata maƙwabciyarmu nas. Ita ce ta tsaya kai da fata ta ce, "Ku yi masa addu'a, ku tofa masa, amma ko ɗigon ruwa kada ya shiga bakinsa." Ta tambayi Umma ƙarfe nawa aka gan shi lafiya na ƙarshe, ta rubuta a takarda ta danƙa mini, ta ce kada mu tsaya a kemis ko ƙaramin asibitin unguwa, mu wuce babban asibiti kai tsaye. A mota take yi mini bayani: ciwon yakan taɓa maƙogwaro, abin da aka ɗura wa mutum sai ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, ya zama wani ciwon daban. Asfirin kuwa, idan jijiya ce ta fashe a kai, ƙara zubar jinin zai yi.

A emajansi ba su jira kati ba, suka ɗora shi a gado, suka auna jini da suga. Jinin ya haura 200. Ni aka tura buɗe fayil, kuma a nan na fara gane cewa jinya aikin mutum biyu ne aƙalla: ɗaya a gefen gado, ɗaya a kan layi. Lokacin ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, tsofaffin takardun naira an daina karɓa, sababbin babu su. Layin biyan kuɗi ya kai har waje, taransifa na tafiya ba ta isa, masu POS a bakin ƙofa suna yankar abin da suka ga dama. Wani bawan Allah da ke gabana, da ya ji abin da ya kawo ni, ya matsa ya ce in wuce. Kuɗin kati bai taka kara ya karya ba, amma kowane abu da rasidinsa daban: ƙarin ruwa, allura, safar hannu, robar fitsari, gwajin jini. Kada ku yar da ko guda, domin ranar sallama za a nemi wasu.

Likitan da ya duba shi ya ce ba zai iya cewa komai ba sai an yi hoton ƙwaƙwalwa, wanda suke kira siti sikan. Ciwon iri biyu ne, in ji shi: ko gudan jini ya toshe jijiya, wanda shi ya fi yawa, ko jijiya ta fashe jini ya zuba a cikin kai. A ido duk ɗaya suke, amma maganin wannan guba ne ga wancan. Ranar na'urar asibitin ba ta aiki, sai aka ba mu takarda zuwa wata cibiyar hoto ta kuɗi a cikin gari. Muka biya motar asibiti da nas mai rakiya, hoton kansa ya ci naira 45,000 a wancan lokacin, yanzu kam ya wuce haka. Kafin mu dawo da sakamako azahar ta yi. Toshewa ce, a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa ta kama damansa, tunda kowane ɓangare kishiyarsa yake sarrafawa, kuma a yawancin mutane magana a hagun take. Likitan ya duba takardar da maƙwabciyarmu ta rubuta, ya ce akwai allurar da ke narkar da gudan jini, amma sai cikin awa huɗu da rabi na farko, bayan an yi hoto, ga tsada, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Baba bai same ta ba. Na fito na zauna a kan benci, na daɗe ban iya kiran 'yan'uwana ba.

Da daddare aka samu gado a ɗakin maza. Washegari wata sista ta zo da cokali da ruwa, ta ɗaga shi zaune, ta ba shi kaɗan tana kallon maƙogwaronsa. Ya ƙware, muryarsa ta yi gargada. Nan take aka ce sai an sa masa robar hanci. Umma ta yi kuka sosai, don a tunaninmu duka robar hanci ta mai shirin tafiya ce. Ba haka ba ne. Ta nan aka riƙa ba shi kunun gyaɗa da aka tace, da madara, da magani a daka, har maƙogwaron ya dawo aka cire ta. Masu dubiya su ne suka fi ba mu aiki. Kowa da ledarsa, kowa yana son ya ba shi wani abu da hannunsa, ruwan zamzam, dabino, fura. Sai da yayanmu ya zauna a bakin ƙofa yana karɓar kayan yana godiya yana ba da haƙuri. Wani abin da ya ɗaure mana kai shi ne, a kwanakin farko ba su yi gaggawar sauke jinin ba, alhali muna ganin lambar a sama. Da na tambaya, likita ya ce da gangan ne: wurin da ya toshe yana bukatar jinin ya ratsa ta gefe, idan aka sauke shi lokaci guda ɓarnar sai ta ƙaru. Sannu a hankali suka fara ba shi magani.

Zagayen likitoci da safe ake yi, kuma idan ya wuce ka ya wuce. Na sayi ƙaramin littafi ina rubuta tambayoyinmu tun dare, da sunan duk maganin da aka ƙara ko aka cire. A nan aka tura mu gwajin zuciya iri biyu, da na ƙoda, da na kitsen jini. Nas-nas suka koya mana juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, saboda gyambon kwanciya. Na ga gyambon a ƙugun wani dattijo da ke gadon kusa da mu, ban sake yin wasa da agogon juyi ba. Ma'aikacin gashi, wanda kowa ke kira ɗan fisiyo, ya fara zuwa tun Baba yana kwance. Abin da ya fara yi shi ne ya riƙe hannuna lokacin da na kama damtsen Baba na dama zan tayar da shi. Ya ce, "Malam, wannan hannun ba a jansa, ko da wasa. Naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, in ka ja sai ta zame, ciwonta kuma ya fi shanyewar hana barci." Ya nuna mana yadda ake tallafo ta bayan allon kafaɗa, da yadda ake ɗora hannun a kan filo, da yadda ake sa riga: hannun da ya shanye ne farkon shiga, shi ne ƙarshen fita.

Ranar sallama ta cinye mana yini guda. Sai likita ya rubuta, sannan a kai fayil wurin lissafi, a biya ragowar kuɗin gado, a kawo rasidi, a karɓi magani, a karɓi katin ranar dawowa kilinik, da wata takarda daban ta sashen gashi. An ba shi maganin hawan jini iri biyu, da asfirin ƙarami, da na rage kitsen jini, aka ja mana kunne cewa ba a dainawa don an ga sauƙi. Muka dawo gida da keken marasa lafiya na aro, muna murna. Ashe jinyar a gida take.

Baba ya shiga wani irin shiru. Yana fahimtar yawancin abin da ake faɗa, amma in zai amsa ba abin da ke fitowa sai "to, to". Abin mamaki, Fatiha yana karanta ta tsaf, kuma in ka fara masa ɗaya, biyu, zai kai goma. Amma ka nuna masa Umma ka ce wace ce wannan, sai ya yi ta motsa baki har hawaye su zubo. Azumi ya kama a ƙarshen Maris, likita ya ce kada ya ɗauka, malamin unguwarmu ya ce a ciyar. Da aka gaya masa sai ya juya fuska bango. Ya daina ba ɗan fisiyo haɗin kai, abinci ma sai da lallashi. A kilinik na faɗa wa likita, ya ce baƙin ciki mai tsanani yakan biyo bayan wannan ciwo, ba taurin kai ba ne, kuma yana da magani. Ya kuma rubuta mana takarda zuwa wurin mai koyar da magana. Masu wannan aiki kaɗan ne ƙwarai, ranar da aka ba mu ta yi nisa.

A wannan tsakanin ne kalkuletar ta shigo. Baba tsohon akawu ne a wani kamfanin fatu da ƙiraga. Ya fara aiki ana lissafi da fam da sule da kwabo, kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda, ga sisi ga taro. Yakan ba mu labarin yadda ake tara dogon layi da ka, a raba da 12, a sake rabawa da 20, da wani littafin jadawali da ya sha hannu har ya yi baƙi. Ranar 1 ga Janairun 1973 aka koma naira da kwabo, fam guda naira 2, sule guda kwabo 10, komai ya zama goma-goma. Wannan canji ya zo daidai da zamanin da kalkuleta ta fara shiga aljihu, domin a 1972 kamfanin Casio na Japan ya fitar da wata ƙarama mai suna Casio Mini wadda ta karya farashi. Tasa tsaraba ce, maigidansa ya kawo masa daga aikin Hajji a tsakiyar shekarun 1970. Casio ce mai gurbin lamba takwas, lambobinta kore shar suna haske, tana cin batir kamar me, tana da jakar leda baƙa. A rana ba a ganin lambobin sosai sai an kare da tafin hannu. Muna yara ba a taɓa ta. Da daddare in yana aikin ƙarshen wata a gaban fitilar ƙwai, mukan zagaye shi muna leƙe, in ya yi nishaɗi ya ce wani ya faɗi lamba, wani ya faɗi wata, ya sa mu fara yi da ka kafin ya danna. Bai taɓa yarda da ita ɗari bisa ɗari ba: in ta ba shi amsa sai ya sake bin layin daga ƙasa zuwa sama da biro. Ko da na shiga sakandare aka saya mini tawa mai baƙaƙen lambobi, shi bai canza ba, sai can da ya bar aiki ya ajiye ta a durowa.

Wata rana bayan la'asar ina zaune kusa da shi da tarin rasidai ina tarawa a waya, ina faɗar lambobin a fili. Sai ya fara nuna durowa da hannun hagu yana "to, to" da ƙarfi. Na miƙo masa tabarau, ya ture. Na miƙo carbi, ya ture. Umma ce ta gane. Batir ya daɗe da narkewa a ciki, wurin ya yi kore, sai da na kai wa mai gyaran rediyo ya kankare ya sake ɗan ƙarfen da ya ci. Da na kawo ta, Baba ya ɗora ta a cinya, ya ture makunnin da babban yatsa, sifilin nan kore ya fito. Yatsunsa uku na hagu suka sauka a layin tsakiya ba tare da ya duba ba. Sai a lokacin na tuna: duk tsawon aikinsa da hagu yake dannawa, biro na hannun dama. Hannun da ciwon ya bari shi ne wanda ya san aikin. Waya kuwa ta gagare shi, kuma daga baya na lura da dalili guda: a kalkuleta 7, 8, 9 ne a sama, a waya 1, 2, 3.

Kada wani ya ɗauka nan take ya koma akawu. In na nuna masa lamba a rubuce yana kwafe ta daidai. In na faɗa da baki sai ya rikice, sittin ta zama saba'in, ɗari uku ta zama talatin, ya danna C da fushi ya sake. Amma ranar ya ci tuwo da kansa. Da ranar ganin mai koyar da magana ta zo, na tafi da kalkuletar a aljihu ina jin nauyin fito da ita. Matar ta karɓa ta jujjuya, ta ce, "Baba, ashe da kayan aikinka ka zo." Ta gwada shi, sannan ta tsara mana aikin gida a kanta: a rubuta lamba ya danna, sannan a faɗa tare, sannan ya faɗa shi kaɗai. Daga lambobi aka koma kuɗi, daga kuɗi zuwa sunan abin da aka saya, sabulu, sukari, gawayi. Ta hana mu ƙarasa masa magana in ya tsaya, ta hana yi masa tsawa kamar kurma, ta hana maganar yara. Tambaya guda, gajera, sannan a jira. Ta ce ƙwaƙwalwa kamar hanya ce da ruwa ya cinye, sai an yi ta bi ta gefe kafin sabuwar turba ta fito. Ta kuma ce sa'a muka yi, domin wasu lissafin ne ma ke ɓace musu gaba ɗaya. Kafin bakinsa ya buɗe sosai, da ita yake mana magana. In kafaɗa na ciwo mu tambayi yaya yake daga 1 zuwa 10, ya danna. In almajirinsa ya zo ranar Juma'a, ya danna 200 ya nuna mini. Wannan ya dawo masa da wani abu da muka ƙwace ba da saninmu ba, wato a tambaye shi kafin a yanke hukunci a gidansa.

Gashi kuwa muna zuwa asibiti sau biyu a mako. Sai ka yi sammako ka ajiye kati, ka biya, ka jira, aikin kansa bai fi minti arba'in ba. An fara da zama a bakin gado ba tallafi, sai tashi tsaye, sai taku tsakanin ƙarafa biyu, sai sanda mai ƙafa huɗu. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, shigar da shi a daidaita sahu kuma azaba ce, sai muka rage zuwa, muka yi yarjejeniya da ɗan fisiyo yana zuwa gida a kan naira 5,000 duk zuwa. Shi da kansa ya ce zuwansa koyarwa ce kawai, abin da muke yi da Baba safe da yamma shi ne gashin. Ya ce watanni uku zuwa shida na farko su ne jiki ya fi saurin dawowa, kada mu ɓata su wajen yawon neman mai magani. An kawo mana tayi iri-iri, mai tsaga, mai turare, mai man shafawa daga ƙasar waje. Addu'a ba mu fasa ba ko kwana ɗaya, amma duk abin da za a sha sai mun nuna wa likita, tunda yana kan maganin da ke tsinka jini. Umma ta rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a tukunyar gidan gaba ɗaya ta ƙara daddawa, don kada ya ga an ware shi.

Ga wanda abin zai samu, abin da zan ce kaɗan ne. In baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, a duba agogo, kada a ba da komai ta baki, a nufi asibitin da ke da hoton kai, kuma tun a hanya wani ya kira ya tabbatar na'urar na aiki. Ko alamun sun wuce cikin mintuna mutum ya ce ya warke, a je, don sau da yawa gargaɗi ne. A raba jinya tun ranar farko, domin Umma ta kusa kwanciya saboda ɗaga shi da rashin barci kafin mu yi jadawalin kwana tsakaninmu. Kafin a bar asibiti a nemi takardar gashi da ta mai koyar da magana, ba kullum ake tunawa a ba ka ba. Sannan a duba abin da hannun majinyaci ya saba da shi shekara da shekaru, tef ɗin tela ne, allo ne, zaren saƙar hula ne, a kai wa masu gashi su ga yadda za su yi amfani da shi. Mu 'ya'yansa duk mun je an auna mu, biyu daga cikinmu aka samu da hawan jini ba su sani ba.

Yanzu Baba yana zuwa masallacin ƙofar gida da sanda, yana sallah a kan kujera. Yana hira, ko da yake suna yakan ɓace masa in ya gaji. Yatsun dama ba su buɗe ba har yau. Wannan ya jawo mana wani aikin da ba mu zata ba: sa hannunsa a banki ya daina dacewa, suka ce ba za su taɓa asusun ba sai da rahoton likita a rubuce mai hatimin asibiti, kuma shi da kansa ya zo a ɗauki zanen yatsansa. Rahoton ba a ɗakin jinya ake ba da shi ba. Sai ka rubuta takardar nema zuwa ofishin ajiye fayil, ka haɗa da lambar kati, ka biya kuɗinsa daban, ka jira likitan da ya duba shi ya sa hannu, kuma yakan ɗauki makonni. Ku nema tun kuna asibiti, ku yi kwafi da yawa, domin wurin fansho ma shi za a tambaya.